Fuskar maraya a fili, lissafin kuɗi a ɓoye: ƙungiyoyin agajinmu da neman taimako a intanet

Da zarar watan Sha'aban ya kama, wayar duk Musulmin da ke hawa Facebook ko WhatsApp takan cika da kiraye-kirayen neman taimako. Wannan ƙungiya za ta ciyar da masu azumi, waccan za ta ɗinka wa marayu kayan sallah, wata na neman cikon kuɗin rufin masallaci, wata kuma ta ɗauko bidiyon majinyacin da ke jiran tiyata ko wankin ƙoda. A ƙarƙashin kowane saƙo akwai lambar asusun banki, da aya ko hadisi a kan falalar ciyarwa, da roƙon a tura wa wasu. Shekaru goma sha biyar da suka wuce, irin wannan kira ba ya wuce sanarwa bayan sallar Juma'a, ko zagayen 'yan agaji a wajen tafsiri, ko 'yar cigiya a rediyon jiha. Yau kuwa matashi ɗaya mai waya da data yana iya tara wa mara lafiya kuɗin asibiti kafin gari ya waye, daga hannun mutanen da ba su taɓa ganin juna ba, wasu a Legas, wasu a Jidda, wasu a Landan.

Babu mai hankalin da zai raina wannan ni'ima, musamman a halin da ake ciki. Rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a watan Nuwamban 2022 ya nuna mutum miliyan 133 ne ke fama da talauci ta fuskoki daban-daban a Najeriya, kuma kusan kashi 65 cikin ɗari nasu a Arewa suke. Bayan haka aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, hauhawar farashi ya haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024. Lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri a watan Satumban 2024, ta kafafen sada zumunta jama'a da yawa suka fara ganin girman bala'in, ta nan kuma gudummawa ta riƙa kwarara daga ɗaiɗaikun mutane da ƙananan ƙungiyoyi. Rayuka sun tsira ta wannan hanya, kuma gidaje da yawa sun ɗora tukunya saboda ita.

Sai dai wanda ya zauna ya bibiyi waɗannan saƙonni na ɗan lokaci zai lura da wani abu da ya juye. Fuskar maraya da hawayen bazawara da tsiraicin majinyaci, waɗanda shari'a ta so a suturta, su ne ake bajewa a gaban duniya. Nawa aka tara, nawa aka kashe, nawa ya rage, wa ya ci ladan aiki kuma nawa ya ci, waɗanda shari'a ta so a rubuta a kafa musu shaidu, su ne ba a cika gani ba. Ba dukan ƙungiyoyi ne ke yin haka ba, amma ɗabi'ar ta yawaita har ta zama kamar ita ce ƙa'idar aikin.

Dalilin da ya sa hawaye ke tafiya

Kafin a ɗora wa kowa laifi, ya kamata a fahimci yadda kasuwar take. Facebook da TikTok da ire-irensu ba sa nuna wa mabiyan shafi duk abin da shafin ya wallafa. Akwai tsarin lissafi a cikin manhajar da ke zaɓar abin da zai hau gaban idon mutum, kuma abin da yake fifitawa shi ne wanda ke tsayar da yatsa, ya jawo tsokaci, ya sa a tura wa wani. A watan Janairun 2018 Mark Zuckerberg ya sanar da cewa Facebook zai riƙa fifita saƙonnin dangi da abokai a kan na shafukan kamfanoni da ƙungiyoyi. Tun daga nan ƙungiyar da ke son a ga saƙonta take da hanya biyu: ko ta biya kuɗin talla, ko ta wallafa abin da zai girgiza zuciya har mutane su yaɗa shi da kansu. Ƙungiyar unguwa da ba ta da kuɗin talla, hanya ta biyu za ta bi.

Sannan ga ɗabi'ar ɗan Adam. A 2007 wasu masana uku a Amurka, Deborah Small da George Loewenstein da Paul Slovic, sun wallafa wani bincike da ya shahara. Sun nuna wa wani rukuni labarin yarinya ɗaya 'yar shekara bakwai daga Mali da hotonta, suka nuna wa wani rukunin alƙaluman miliyoyin da yunwa ta addaba a ƙasashen Afirka. Waɗanda suka ga yarinyar sun fi bayarwa nesa ba kusa ba. Abin mamakin ma, da aka haɗa labarin yarinyar da alƙaluman wuri ɗaya, sai bayarwar ta ragu. Jami'in yaɗa labarai na kowace gidauniya ya san wannan a aikace ko da bai taɓa jin sunan binciken ba. Ya wallafa jadawalin kuɗin shiga da na fita, mutum ashirin suka duba; ya wallafa tsohuwa tana kuka da buhun shinkafa a gabanta, dubbai suka tura. Gobe wanne zai sake wallafawa? Ba sai da mugun nufi ake faɗawa wannan rami ba. Sannu a hankali na'ura ke koya wa mutumin kirki abin da za ta saka masa a kai, shi kuma yana ganin sakamako yana ƙarawa.

Bayyana sadaka ba haramun ba ne

Akwai masu cewa a bar tallar gaba ɗaya, domin sadaka ta ɓoye ita ce sadaka. Wannan magana ta yi tsauri fiye da nassi. Aya ta 271 a Suratul Baƙara ta yabi bayyana sadaka kafin ta fifita ɓoyewa, kuma malamai da yawa sun tafi a kan cewa bayyana zakka ta farilla ya fi, domin koyi da kuma kawar da zargi, ɓoye ta nafila kuma ya fi, domin nisantar riya. A cikin Sahihu Muslim, Jarir ɗan Abdullahi ya ba da labarin wasu mutane daga ƙabilar Mudar da suka zo Madina ba takalmi, ba suturar kirki. Fuskar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta canja saboda halin da ya gan su. Ya umarci Bilal ya yi kiran salla, ya yi salla, ya yi huɗuba ya kwaɗaitar da mutane kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, ko da tsagin dabino ne. Wani Ba'ansare ya zo da ƙunshin da hannunsa ya kusa gaza ɗauka, jama'a suka bi sahunsa, har aka tara tsibi biyu na abinci da tufafi. A nan ne aka yi bushara ga wanda ya fara kyakkyawan aiki aka yi koyi da shi. Wannan gangamin neman taimako ne a fili, da kira, da huɗuba, da gasa a alheri. Ƙungiyar da ta yi shela a intanet tana da madogara.

Amma a dubi abin da ya rage bayan taron ya watse. Mutanen Mudar, waɗanda ke masallaci ne kawai suka gan su, kuma hadisin da ya iso gare mu bai ambaci sunan ko mutum ɗaya a cikinsu ba. Bidiyo kuwa ba ya watsewa. Yaron da aka ɗauka yana ɗan shekara takwas, an rataya masa kwali mai sunan gidauniya, yana riƙe da shadda yadi uku yana jero godiyar da aka biya masa, wata rana zai shiga sakandare, zai nemi aure, wataƙila ya tsaya takara. Hoton yana nan yana jiran sa a wayar wani. Yarinya kuwa abin ya fi muni, a al'ummar da har yanzu ake binciken asali da halin gida kafin a kai gaisuwa. Muhawarar malamai a kan bayyanawa da ɓoyewa ta shafi mai bayarwa ne da niyyarsa. Shi kuwa mai karɓa, ayoyin da suka zo kafin wannan, ta 263 da ta 264, sun yi masa katanga: kyakkyawar magana ta fi sadakar da cutarwa ke biye da ita, kuma gori da cutarwa suna ɓata sadaka. Bahaushe ya san zafin gori. Wanda aka yi wa a zaure sau ɗaya yakan kwana da shi, balle wanda ake maimaitawa duk lokacin da wani ya danna ya tura.

Za a ce ai sai da aka nemi izini. Gaskiya ne, akasari ana tambaya. Amma wace irin tambaya? Buhu na ajiye a tsakar gida, yara sun kewaye shi, mai kyamara ya riga ya saita, sannan a ce: "Hajiya, ba damuwa mu ɗan ɗauki hoto?" Wace uwa ce za ta ce a'a? Malaman fiƙihu suna da ƙa'ida sananniya cewa abin da aka karɓa daga mutum ta hanyar kunyata shi bai halatta ba, ko da bakinsa ya ce ya yarda. Izinin da za a yi dogaro da shi shi ne wanda aka nema bayan an riga an miƙa kayan, aka kuma tabbatar wa mutum cewa ƙin yardarsa ba zai hana shi rabon gaba ba. Maraya kuwa ba shi da izinin bayarwa tukuna, kuma waliyyinsa ba ya da ikon yin abin da ba maslahar yaron ba ne. Dokar ƙasa ma ta zo ta nan: Dokar Kare Bayanan Jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta sanya bayanan lafiyar mutum cikin bayanai masu buƙatar kariya ta musamman, ta kuma shardanta izinin iyaye ko mai riƙo a kan bayanan yara. Takardar asibitin da ake ɗora wa Facebook da sunan majinyaci da sunan cutarsa ta faɗa ƙarƙashin wannan doka, ko mai ɗorawar ya sani ko bai sani ba.

Ko a ƙasashen da suka ƙirƙiro wannan salon talla an fara ja da baya. A watan Oktoban 2020 gidauniyar Comic Relief ta Birtaniya ta sanar da cewa ta daina tura taurari zuwa Afirka domin ɗaukar finafinan neman taimako, ta kuma daina amfani da hotunan mayunwata da yara masu matsanancin ciwo. Sun kai ga haka ne bayan shekaru ana sukar su. Mu da muke da aya a hannu tun ƙarni goma sha huɗu, bai kamata a ce sai yanzu muke ɗaukar abin da suke ajiyewa ba.

Akwai kuma wata ɓarna da ba a cika lura da ita ba. Aya ta 273 a wannan sura ta siffanta wasu mabuƙata da wanda bai san su ba zai ɗauka mawadata ne saboda kamun kansu, ba sa naci wajen roƙo, ta alamarsu ake gane su. Tsarin da ke raba taimako gwargwadon yawan masu kallo ba zai taɓa isa ga waɗannan ba, domin siffarsu ita ce ƙin tsayawa gaban kyamara. Malamin makarantar da albashinsa ke ƙarewa a mako na biyu, magidancin da bashi ya yi wa katutu alhali mabarta suna cikin kaso takwas na zakka, dattijuwar da ke sayen maganin hawan jini rabi-rabi: babu ɗaya daga cikinsu da ke da ciwon da hoto zai nuna. Haka nan ƙauyukan da ba su da sabis. Lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara a watan Satumban 2021, da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna daga baya, mutanen da suka fi kowa shiga uku su ne waɗanda muryarsu ta ɓace daga intanet ɗungurungum.

Inda ya kamata a haska fitila

A ɗaya ɓangaren, babu abin da Musulunci ya tsananta a kansa kamar dukiyar jama'a a hannun wakili. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓo zakka, ya dawo ya ware wani kaso ya ce wannan kyauta ce aka yi masa. Manzon Allah ya yi masa lissafi, sannan ya hau mimbari ya yi tir da wannan ɗabi'a a bainar jama'a, yana nuna cewa da mutumin ya zauna a gidan iyayensa da babu kyautar da za ta same shi. Sahabi ne, kuma sahabbantakarsa ba ta hana a ƙirga abin da ya kawo ba. Saboda haka idan mai bayarwa ya tambayi lissafi a ƙarƙashin wani saƙo, mabiyan shafin suka yi masa ca da cewa yana hassada ko yana hana alheri, su ne suka saɓa wa sunna.

Tambayoyin da ke buƙatar amsa ba su da wuya. Na farko, asusun wa ake turawa? Da yawa daga kiraye-kirayen nan asusun mutum ɗaya ne, wanda a cikinsa yake karɓar albashinsa, yake biyan kuɗin makarantar 'ya'yansa. Ko waliyyi ne, kuɗi sun cakuɗa. Idan ya rasu yau, a idon banki da magada wannan dukiyarsa ce, kuma marayun da aka tara dominsu ba su da takardar da za su nuna.

Sai batun rabe zakka da sadaka. Sadakar nafila ƙofarta a buɗe take: rijiyar burtsatse, rufin masallaci, allunan makaranta. Zakka kuwa aya ta 60 a Suratut Tauba ta iyakance ta ga kaso takwas, kuma jumhurun malamai, har da Malikiyya, ba su ga halaccin gina masallaci da ita ba. Ƙungiyar da ke karɓar duka biyun a asusu ɗaya, ba tare da wata alamar da mai turawa zai sa ba, tana iya jefa farillar mutum cikin shakka ba da saninsa ba. Asusu biyu da layi ɗaya na bayani a ƙarƙashin sanarwa sun isa su warware wannan.

Ladan aiki ma haka. Shari'a ba ta ce a yi aikin agaji da yunwa ba. Ma'aikatan zakka suna cikin kaso takwas ɗin. Mai ɗaukar bidiyo yana sayen data, mota tana shan mai, Facebook yana karɓar kuɗin talla. Duk wannan ana iya biya. Abin da ba ya halatta shi ne a ce wa jama'a kowace naira za ta isa hannun majinyaci, sannan a yanki wani kaso a asirce. Wanda zai cire kashi biyar ko goma ya faɗa tun a sanarwar farko, mai bayarwa ya zaɓa da idonsa a buɗe. Na tabbata yawancin masu bayarwa ba za su fasa ba. Abin da ke korar su shi ne su ji daga baya a bakin wani.

Mafi sarƙaƙiya shi ne rarar kuɗi. An nemi miliyan uku domin tiyata, aka samu biyar. Ko kuma majinyacin ya cika kafin a shiga da shi. Na wane ne sauran? Na iyalinsa, ko na wani majinyacin, ko a mayar wa masu shi? Mutane sun bayar ne da wata niyya takamaimai, kuma malamai sun girmama sharaɗin mai bayarwa har suka ce a babin waƙafi ana bin sharaɗin mai waƙafi kamar yadda ake bin nassi, matuƙar bai saɓa wa shari'a ba. Mafita mafi sauƙi ita ce a rubuta tun farko inda rarar za ta tafi, sai bayarwar ta zama a kan wannan sharaɗi. Kuma a rufe kira idan ya cika. Saƙon WhatsApp ba shi da ranar mutuwa: akan ga ana yawo da neman taimakon wanda aka yi sadakar arba'in ɗinsa tuntuni. A nan 'yan damfara ke samun ƙofa, su ɗauki tsohon bidiyo na gaskiya su canja lambar asusu kawai. Kamfanin WhatsApp da kansa ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci ɗaya tun Janairun 2019, ya kuma rage zuwa wuri ɗaya ga saƙon da aka tura da yawa a Afrilun 2020, amma wannan rage gudu ne kawai. Kwanan wata a jikin bidiyon, da sunan ƙungiya da lambar asusunta a rubuce a kan hoton, sun fi wahalar da ɓarawo.

Tantancewa kuwa tana da asali tun zamanin farko. A hadisin Ƙabisa ɗan Muhariƙ da Muslim ya ruwaito, daga cikin mutum ukun da aka halatta wa roƙo akwai wanda talauci ya same shi har mutum uku masu hankali daga mutanensa suka shaida haka. A lura, daga mutanensa aka ce, wato waɗanda suka san gidansa. Wannan shi ne abin da shafi mai mabiya dubu ɗari biyar ba shi da shi, kuma shi ne abin da tsofaffin ƙungiyoyinmu suke da shi. Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi tun 1954 take, Jama'atu Nasril Islam tun 1962, Izala tun 1978, FOMWAN tun 1985, ga Fityanul Islam da zawiyoyin ɗariƙu, kowace da rassa har cikin unguwanni. Suna da shaidun. Matasan intanet suna da masu sauraro. Haɗa biyun bai fi ƙarfin kowa ba: kada a wallafa kira sai limamin unguwa, ko mai unguwa, ko shugabar reshen mata ta sa hannu, sannan a ambaci cewa an tantance ba tare da an nuna fuskar wanda aka tantance ba. Misalin bayyana lissafi ma ba daga waje za a aro shi ba. Izala takan sanar da abin da ta tara daga fatun layya kowace shekara, Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato takan fitar da nisabi a kai a kai. Irin wannan sanarwa ba ta sa kowa kuka, amma ita ce ke sa mutum ya sake bayarwa baɗi.

Uzurin da ake kawowa

Masu ƙananan ƙungiyoyi suna da hujjoji, kuma wasu na da nauyi. Rajista da hukumar CAC tana cin kuɗi da lokaci, banki yakan nemi takardar SCUML kafin ya buɗe asusun ƙungiya, kuma dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa amintattu miƙa bayanin shekara-shekara. Sashe na 839 na dokar, wanda ya ba hukumar damar dakatar da amintattu, ya tayar da ƙura a tsakanin ƙungiyoyin addini lokacin da aka sa mata hannu. Duk da haka, wanda ya kai matsayin riƙe miliyoyin jama'a ya wuce matsayin cewa takarda ta yi masa nauyi. Wanda bai kai ba kuwa yana iya fakewa ƙarƙashin asusun masallaci ko wata ƙungiya mai rajista, da sa hannun mutum biyu ko uku. Rajistar tana da riba ma: Google yana ba ƙungiyoyin da suka cika sharuɗɗansa tallar kyauta da ta kai dala 10,000 a wata, dandali irin su LaunchGood, wanda Musulmin Amurka suka kafa a 2013, suna tantance mai nema kafin su sakar masa kuɗi, kuma babu ɗaya da ke aiki da lambar asusu tsirara.

Uzurin tsaro ya fi ƙarfi. A ƙasar da ake satar mutane, shelanta cewa an tara wa wane miliyan goma yana iya zama gayyata ga ɓarayi, ko ga dangin da za su zo neman rabonsu. Amma wannan hujja ce ta ɓoye sunan mai karɓa da gidansa, a biya asibiti kai tsaye, a nuna rasit da aka shafe suna. Ba ta zama hujjar ɓoye jimillar kuɗi ga waɗanda suka bayar ba. Haka kuma ranar rabo da wurinsa ba abin shela ba ne a wannan zamani. A watan Maris na 2024, cikin azumi, turmutsitsi a wajen rabon zakka a Bauchi ya yi sanadin mutuwar mutane, yawancinsu mata. A ranar 18 ga Disambar wannan shekarar, yara aƙalla 35 suka rasu a Ibadan a wani taron da aka yi ta tallatawa da alƙawarin naira 5,000 ga yara 5,000. Sanarwar da ta isa kunnen mutum dubu hamsin alhali kayan na mutum dubu biyu ne, ita kanta haɗari ce. Rabon da aka yi da kati, gida-gida, ko ta tura kuɗi kai tsaye, ba ya ba da hoton dandazo mai ƙayatarwa, amma kowa yakan koma gida da ƙafarsa.

Wani abin da ƙungiyoyi ke mantawa shi ne cewa a filin aro suke gini. A ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke na kusan awa shida a duniya baki ɗaya, kuma Twitter ya yi wata bakwai a rufe a Najeriya, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Ƙungiyar da ba ta da kundin masu ba ta gudummawa, da lambobinsu da izininsu, idan aka kulle shafinta yau ta koma farko. Wannan aiki ne da ɗalibanmu masu karatun akanta da kwamfuta za su iya ɗauka a hutu ɗaya: jadawalin kuɗi mai shafi ɗaya duk wata, da kundin suna, da ƙa'idar ɗaukar hoto wadda ke nuna kaya da hannaye da rijiyar da aka haƙa, ta bar fuska.

Shi kuma magidancin da ke shirin fitar da zakkarsa a wannan azumi, akwai hukuncin da sauƙin tura kuɗi ya sa aka fara mantawa. A mazhabar Malikiyya, zakka ana raba ta ne a inda ta wajaba ko kusa da nan, ƙasa da nisan da ake yin ƙasaru, sai idan mutanen wani wuri sun fi tsananin buƙata. Ambaliyar Maiduguri tana iya shiga wannan togiya, amma ba kowane bidiyon da ya sosa rai ne ke shiga ba. Kafin ya danna, yana da haƙƙin ya tambayi sunan ƙungiyar da ke kan asusun, da ranar da aka buɗe kiran, da wanda ya tantance, da inda rarar za ta tafi. Idan an amsa, ya bayar da zuciya ɗaya. Idan aka yi masa shiru ko aka toshe shi, limamin masallacin layinsu yana da jerin gidajen da ya san halinsu, kuma ana iya samun sa bayan sallar asuba.